Mai tsara shafi ma ɗan jarida ne

Akasarin jaridun Hausa da suka yi suna gwamnati ce ta haife su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939 da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka, Abubakar Imam na riƙe da alƙalaminta. Albishir ta boko da Alfijir ta ajami 'ya'yan kamfanin Triumph ne na gwamnatin jihar Kano, wanda aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi. Sun yi aiki, ba mai musun haka. Amma abin da gwamnati ta haifa, ran da ta juya masa baya sai ya kwanta. A 2012 gwamnatin Kano ta rufe Triumph, sai da wata gwamnatin ta zo aka sake buɗewa. Gaskiya kuwa ta bi sahun New Nigerian, ta yi ta tangal-tangal har aka daina ganinta a hannun masu sayar da jarida.

Akwai kuma waɗanda ba gwamnati ce ta haife su ba. Comet da ta koma Kano a 1949 ta ba 'yan NEPU filin da jaridar hukuma ba za ta ba su ba. A tsakiyar shekarun 1980 su Dokta Yusufu Bala Usman da abokan gwagwarmayarsu suka fito da mujallar The Analyst da Turanci, da 'yar'uwarta Fitila da Hausa, suna tonon sililin masu mulki alhali soja ne a kan gado. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara a 1999 ta ɗauki sana'ar da manyan jaridu suka raina ta mai da ita abin rubutawa da muhawara. A Nijar, Haské ce ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu a Yamai a 1990. A zamaninmu kuma kafafe irin su WikkiTimes a Bauchi da Daily Nigerian da HumAngle sun nuna ana iya binciken ƙwaƙwaf kan al'amuran Arewa ba tare da an jira Legas ba.

Irin wannan aikin jarida nake son in yi magana a kai, wanda mutum uku ko biyar za su haɗa kuɗin aljihunsu su kafa, su rubuta abin da manyan kafafe suka tsallake saboda tsoro ko saboda talla. Matasa da yawa masu gama karatun jarida suna tambaya ko akwai abinci a ciki, iyayensu kuma suna ganin wahalar banza ce, gara yaro ya nemi aikin gwamnati ko ya zama mai magana da yawun wani ɗan majalisa. Ni ina ganin sana'a ce da ta isa mutum ya ba ta ƙuruciyarsa. Sai dai ina da sharaɗi guda, kuma shi ne abin da aka fi sakaci da shi a wajenmu: duk wanda zai shiga, ya koyi tsara shafi kamar yadda ya koyi rubuta labari. Ya san yadda ake zaɓar baƙaƙe, da inda hoto zai zauna, da yadda takarda ke shiga inji ta fito mujalla. Wanda ya iya rubutu kaɗai, kullum yana hannun wani.

A ɗakunan labaranmu, mai tsara shafi "yaron kwamfuta" ake ce masa. Shi ne ƙarshen tafiya gida, shi ne mai mafi ƙarancin albashi, sau da yawa ko sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan da ake bugawa a shafi na 2. Edita zai miƙa masa rubutu ya ce, "Malam, ɗan gyara mana shi ya yi kyau," sai ka ce kwalliya ce kawai aikinsa. Alhali shi ne ke yanke hukuncin inda idon mai karatu zai fara sauka. Labarin da aka ɗora a sama da manyan baƙaƙe da wanda aka cusa a gindin shafi na 11 kusa da tallar magani ba darajarsu ɗaya ba a wurin mai karatu, ko da kuwa na gindin ne ya fi shafar rayuwarsa. Wannan hukunci na aikin jarida ne tsantsa, mun kuwa bar shi a hannun wanda ba mu koya wa aikin jarida ba, ba mu zaunar da shi a taron da ake yanke abin da zai hau bango ba, ba mu kuma biya shi kamar wakili ba.

A tuna da shekarun 1993 zuwa 1998. Da gwamnatin Babangida ta haramta mujallar TheNews a 1993, watanni kaɗan da kafa ta, su Bayo Onanuga da Dapo Olorunyomi da Babafemi Ojudu ba su naɗe hannu ba, sai suka fito da Tempo, aka shiga aikin jarida na sari-ka-noƙe. Babu ofis tsayayye. Wannan makon a buga a wannan maɗaba'a, mako mai zuwa a wata. Mujallar Tell ma haka ta yi ta fama, jami'an tsaro na kwashe dubban kwafi kafin su kai kasuwa. Sunayen marubutan muka riƙe, kuma sun cancanta. A 1995 kotun soja ta ɗaure Kunle Ajibade da Chris Anyanwu da George Mbah da Ben Charles Obi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ba su fito ba sai bayan mutuwar Abacha a 1998. Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996. Daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar, abokan aikinsa kuma ba su yarda ba. Amma kowane bugu da ya fito a waɗannan shekaru, sai da wani ya zauna gaban kwamfuta a ɓoye ya haɗa shafukan, wani ya tayar da inji da tsakar dare yana sane da cewa in aka kama shi, injinsa da abincin iyalinsa sun tafi. Tempo da siffar ƙaramar jarida ta fito, a takarda mai araha, abin da za a buga cikin sauri a watsa kafin a farga. Wannan zaɓin siffa yana cikin abubuwan da suka raya ta.

Misalin da ya fi burge ni daga Afirka ta Kudu yake. A 1985 aka rufe jaridar Rand Daily Mail, wadda ta daɗe tana sukar mulkin wariyar launin fata. Wasu 'yan jarida biyu da suka rasa aiki a wannan guguwa, Anton Harber da Irwin Manoim, suka haɗa kuɗin sallamarsu suka kafa Weekly Mail a watan Yunin shekarar. Ba su da kuɗin manyan injinan jera baƙaƙe, sai suka dogara da ƙananan kwamfutoci da firinta ta kan tebur, abin da a lokacin sabo ne fil a duniyar jarida. Manoim shi ne gwanin tsara shafi a cikinsu. Da gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Yunin 1986 ta hana buga kusan komai kan abin da jami'an tsaro ke yi, sai jaridar ta fito da shafin farko wanda aka shafe layukansa da baƙar tawada, layi bayan layi, aka bar 'yan kalmomi nan da can a tsakani. Mai karatu bai ga labarin ba, amma ya ga girman abin da aka hana shi gani. Babu sharhin edita da zai kai wannan shafi ƙarfin murya. An dakatar da jaridar na wata guda a 1988, ta kuma rayu; ita ce Mail & Guardian ta yau.

Na ga ƙaramin irin wannan da idona a wata mujalla da na yi wa aiki. Wakilinmu ya kawo rahoto kan wani asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, wanda takardu suka nuna an biya kuɗin kwangilarsa kaf, amma a fili babu komai sai harsashi da ciyawa ta rufe. Rubutun dogo ne, cike da lambobin takardu da sunayen ofisoshi, irin wanda mai karatu zai gaji tun a sakin layi na uku. Mai tsara mana shafi ya karanta shi daga farko har ƙarshe, abin da ba kowane mai wannan aiki ke yi ba, sannan ya ce wa edita, "Yallaɓai, a ba ni shafi biyu masu kallon juna." A hagu ya sa hoton takardar biyan kuɗin, babba, har ana iya ganin sa hannu da hatimi. A dama ya sa hoton harsashin da awaki a kai, girmansu ɗaya. A ƙasa ya rubuta adadin kuɗin da manyan lambobi, ya bar farin fili kewaye da shi, ya ƙi cusa komai a wurin duk da edita na ta ƙorafin an yi asarar fili. Rubutun ya koma shafi na gaba. Da mujallar ta kai ƙauyen, har waɗanda ba su yi boko ba sun gane abin da ake faɗa.

Sanin inji ma ilimi ne, kuma yana ceton kuɗi. Wanda bai taɓa kwana a maɗaba'a ba bai san abin da ya sa mujalla take shafi 32 ko 48, ba ta zama 35 ba: babbar takarda ake bugawa a ninke, shi ya sa shafuka huɗu-huɗu ko takwas-takwas suke tafiya. Tsohon injin Kord da ƙananan maɗaba'u da yawa ke aiki da shi launi ɗaya yake bugawa a kowane zagaye, don haka bango mai launi sai ya bi ta cikinsa sau huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. In aka ɗan kuskure wajen daidaita su, fuskar mutum sai ta fito da inuwa biyu. Za ka ga mai injin, hannu duk tawada, janareta na ruri a waje, ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga ta saitin ƙwan fitila yana duba ko launukan sun hau kan juna. Mai tsara shafin da ya san wannan ba zai rubuta ƙananan baƙaƙe da haɗin launi huɗu ba, zai bar su baƙi zalla. Zai kuma iya fitar da mujalla mai kyan gani da launi biyu kacal, kuɗin bugu ya ragu sosai.

Sai matsalar da ta zama tamu da 'yan'uwanmu masu rubutu da Fulatanci, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, a Nijar kuma ana ƙara ƴ inda mu a Najeriya muke sa 'y. Da kwamfuta ta zo, ba ta zo da su ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro nau'ikan baƙaƙe masu ɗauke da su, masu buga littattafai suka samu sauƙi. Yau tsarin Unicode, wanda kwamfutoci da wayoyi ke bi wajen gane baƙaƙe, ya ba kowannensu gurbinsa, akwai kuma nau'ikan kyauta irin su Charis da Andika da Noto da ke da su cif. Duk da haka, ka duba allunan talla da bangon littattafai da katunan labarai da ke yawo a waya. Ko dai an zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, ko ƙ ta fito siririya a tsakiyar baƙaƙe masu kauri, ko ta zama ɗan akwati fanko. Dalili ɗaya ne, mai tsarawa ya zaɓi nau'in da ya ba shi sha'awa bai gwada ko yana da na Hausa ba. Babu jaridar Faransanci da za ta yarda a zubar mata da alamomin kan wasulanta. Mu ne muka saba har muka daina gani, kuma abin yana min ciwo. Jaridar da ke cewa ita ta talaka ce, bashin farko da talaka ke bin ta shi ne ta rubuta harshensa daidai.

Ga kuma ajami. Dattawa da matan aure da almajirai masu ɗimbin yawa karatun ajami ya fi musu sauƙi, amma masu rubuta musu labarin duniya da shi ba su taka kara sun karya ba. Da can uzurin shi ne sai an nemo mai rubutu da hannu. Yanzu akwai nau'in baƙaƙe mai suna Alkalami da cibiyar SIL ta fitar kyauta, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Babbar jarida ba za ta damu da waɗannan masu karatu ba, tunda masu ba da talla ba su suke nema ba. Ƙaramar kafa ce za ta iya ba su ko da shafi ɗaya a mako.

Za a ce ai takarda ta mutu, kuma Bahaushe ɗan rediyo ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita, masana'antar Oku Iboku da aka gina dominta ta tsaya tun shekarun 1990, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin bugu ya bi ta. Kwantai kuma shi ke kashe ƙaramar mujalla: ka buga, ka rarraba wa dillalai, bayan wata a dawo maka da ɗauri-ɗauri, kuɗin wanda aka sayar kuma sai ka yi ta sintiri. Amma batun wai Bahaushe ba ya karatu, littattafan kasuwar Kano sun ƙaryata shi tun shekarun 1980, yanzu waya ta ƙara ƙaryata shi. Mutane na karatu daga asuba har dare a Facebook da WhatsApp. Shafin ne ya ƙanƙance ya koma tafin hannu, ƙaramin shafi kuwa ya fi babba bukatar gwani.

Abin da ke yawo a waya yanzu kati ne: hoto ɗaya, kanu ɗaya, tambari a kusurwa. Masu ƙirƙirar labaran ƙarya sun riga mu gane ƙarfinsa. Sukan saci launi da tambarin wata babbar kafa su ɗora maganar da ba a faɗa ba a bakin malami ko gwamna, kafin a ƙaryata ta kai ƙauye. Siffar ce ke sa a yarda da su. To in siffa na sa a gaskata ƙarya, me zai sa mai gaskiya ya raina ta? Ƙaramar kafa tana bukatar kamanninta da za a gane daga nesa, kuma kowane kati ya ɗauki kwanan wata, da sunan wanda ya yi maganar da inda ya yi ta, da adireshin da za a je a tabbatar. Ya zama mara nauyi, don mai karatu lallaɓa datarsa yake yi. Baƙaƙen su yi girman da dattijo zai karanta a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi ba sai ya kira jikansa ba. Kuma wanda ya iya zaro abin da kasafin kuɗin jiha ya ware wa ƙaramar hukuma ɗaya daga cikin ɗaruruwan shafukan Turanci, rijiyar burtsatse nawa, aji nawa, hanya daga ina zuwa ina, ya zana shi a kati ɗaya da Hausa, ya ba mutanen wurin abin da za su tari kansilansu da shi.

Wasu kuma za su ce manhajar zane ta Canva da manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun gama da wannan sana'a, kowa ma yanzu mai zane ne. Kayan aiki sun sha canzawa, daga jera baƙaƙen dalma da hannu zuwa PageMaker da CorelDraw da InDesign. Manhaja za ta jera maka tsare-tsare ka zaɓa. Ba za ta gaya maka hoton gawar nan bai kamata ya fita ba saboda uwar yaron za ta gani, ko cewa yarinyar da aka yi wa fyaɗe dole a sakaya fuskarta har da ƙofar gidansu da ta fito a bayanta, ko cewa wannan kanun zai iya tayar da husuma a garin da bai gama warkewa daga ta baya ba. A ƙasar da rubutun jarida ya taɓa zama sanadin zubar da jini, kamar yadda aka gani a Kaduna a 2002, wanda abu ke fita ta hannunsa a ƙarshe dole ya kasance mai hankalin ɗan jarida.

Yanzu maganar abinci, wadda ita ce ainihin tambayar iyaye. Ba zan ce wa kowa akwai arziki a ciki ba. Talla mai tsoka tana hannun gwamnati da bankuna da kamfanonin waya, kuma ba sa kai ta inda ake tona musu asiri. Tallafin ƙungiyoyin waje yana zuwa yana tafiya. Gidauniyar MacArthur ta shafe shekaru tana ɗaukar nauyin binciken ƙwaƙwaf a Najeriya, shirin nata ya kammala a 2024, kuma duk kafar da ta jingina da irin wannan kaɗai, ran da ya ƙare za ta ji a jikinta. Abin da ya rage wa ɗan jaridar da ba shi da wata hanya shi ne ambulan, "na goro" ko "kuɗin mota" da ake rabawa bayan taron manema labarai. Na fi ganin laifin wanda ya ba yaro katin shaida ya ce masa je ka ci da shi, a kan laifin yaron. Amma daga ran da ya karɓa, alƙalaminsa ya san gidan da ba zai taɓa ba.

A nan ne iya tsara shafi ke ceton rubutu. Wanda ya iya shi ba ya rasa abin yi a garuruwanmu: katin ɗaurin aure, kalandar makarantar Islamiyya, bangon littafi, rahoton shekara na wata ƙungiya, diwanin waƙoƙin wani malami da jikokinsa ke so a buga. Kuɗin ba su da yawa, amma halal ne, kuma wanda ya biya ba ya bin ka bashin yin shiru. Da su mutum zai biya haya, ya sayi data, ya hau mota zuwa ƙauyen da zai ɗauko rahoto, ya kuma iya kawar da kai ran da aka miƙo masa ambulan. Marigayi Maman Abou a Yamai ya gane wannan da wuri. Ya kafa Le Républicain a 1991, ya kuma mallaki maɗaba'arsa, wadda ta zama ɗaya daga cikin manya a Nijar. Hakan bai hana a kama shi a ɗaure ba, amma jaridarsa ba ta dogara da injin wani ba.

Akwai iyaka, kuma a nan nake saɓawa da wasu abokaina. Lokacin zaɓe shi ne kakar masu zane: fasta, allo, riga, hula, kuɗi na zuba. Suna cewa aiki aiki ne, zana fastar ɗan takara ba goyon bayansa ba ne. Ga mai shagon zane zalla haka ne, ban ja ba. Amma wanda ke fitar da jarida, in ya karɓi kwangilar fastar shugaban ƙaramar hukuma a watan Janairu, ba zai iya buga takardar kwangilar asibitinsa a watan Yuni ba. In ma ya buga, mutanen gari za su ce rabon kuɗi ne ya haɗa su faɗa. Na san wannan barin kuɗi mafi tsoka ne a lokacin da aka fi bukatarsu, na kuma san mai iyali zai ce faɗa da baki ba wuya. Duk da haka ban ga wata hanya ba, domin jarin ƙaramar jarida duka-duka shi ne yardar da mutane suka yi da ita.

Haɗarin ma bai tafi tare da soja ba. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ce ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. Yau da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake kamun 'yan jarida, duk da gyaran da aka yi masa a 2024. Jaafar Jaafar, wanda ya wallafa bidiyoyin da suka girgiza siyasar Kano a 2018, ya bar ƙasar a 2021 yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Nan ma akwai aikin mai tsara shafi. Shi zai tabbatar an yanke duk alamar da za ta tona wanda ya fitar da takardar sirri: lambar da ke gefe, yatsan da ya riƙe ta lokacin ɗaukar hoto, bayanan da waya ke ɓoyewa a cikin hoton. Sakaci a nan na iya jawo wa wani ƙaramin ma'aikaci kora, ko abin da ya fi kora.

Ilimin yana nan a makarantunmu, sai dai a warwatse. A Jami'ar Ahmadu Bello aikin jarida sashensa daban, zane sashensa daban, fasahar ɗab'i kuma tana can Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ina so a ce ba a yaye ɗalibin jarida sai ya fitar da mujalla da hannunsa, tun daga rahoto har tsayawa kan mai inji, kuma aƙalla bugu ɗaya da Hausa da baƙaƙenta cikakku. Kafin jami'o'i su motsa, tsohuwar hanya tana nan. Matashi ya je maɗaba'a ya ce wa mai ita, "Baba, ina so in koyi aiki," ya yi shara, ya ninke takarda, ya sa ido.

'Yan mata nake so su shigo wannan fanni musamman. Shekaru da dama mata ne suka riƙe rubutun ƙagaggun labarai na Hausa, yanzu ma su ne suka cika zaurukan karatu na waya, amma in aka zo bango da tsarin shafi sai a kai wa wani a shagon kwamfuta ya ɗora hoton da ya ga dama. Aiki ne da ake iya yi daga ɗaki da kwamfutar hannu, aure ko raino ba sa hana shi. Akwai kuma labaran da sai mace ce za ta shiga ta ɗauko: ɗakin haihuwa da babu ungozoma da dare, kuɗin da ake karɓa a hannun mai naƙuda kafin a duba ta, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye aka hana ta makaranta. Wadda ta zauna da waɗannan mata ta ji ta bakinsu ta fi kowa sanin fuskar da za a nuna da wadda za a sakaya, don haka ita ya kamata ta tsara shafin da labarinsu zai fito.